Tarin da ke Bayan Muryarta

Shafi na 31

Masu turo min saƙo cewa Sista ta cika taurin kai, na ji ku. Ku fara zaman makokin ɗa babu gawarsa tukuna, sai mu dawo kan maganar taurin kai.

*

Ranar zaɓe, tun rana ba ta gama ɗagawa ba, matan layin suka taru a ƙofar gidan Sista, tsohuwar nas, kowacce da katin zaɓenta a hannu.

Ba su ƙwanƙwasa ba. Sun san halinta.

Su ne ake kira Iyayen Ƙofa. 'Ya'yansu ne suka faɗi a bakin ƙofar asibiti ranar da gwamnatin Tsani ta sa aka buɗe wa masu zanga-zanga wuta, asibitin kuma ya datse ƙofarsa daga ciki. Tun daga ranar, inda Sista ta taka nan suke takawa. Yau ma jira suke su ji inda yatsanta zai sauka.

Lauya ce ta ratso su ta shiga, 'yar Sista ta fari. Hular jam'iyyar Guga tana ƙasan jakarta, don ta san da ita a kai ba za ta tsallake ƙofar uwarta ba.

"Mama, ina kwana? An buɗe rumfar zaɓe fa. Mata na jira."

Shiru.

Ta leƙa falo, ba kowa. A kicin butar shayi ta tafasa har ta gaji. Sai ta hango ɗakin Auta, ƙanenta, a buɗe.

Ta tsaya cak.

Ɗakin nan ba a barinsa a buɗe. Takalmansa na nan a bayan ƙofa inda ya cire su. Abin shaƙar asmarsa na kan taga, rana ta cinye launinsa. Amma yau ɗakin ƙamshin sabulu yake, an shimfiɗa wankakken zanin gado.

Sista na zaune a bakin gadon. Abin sauraren ƙirjin da ta yi ritaya da shi yana kunnuwanta, bakinsa kuwa ta ɗora a kan wayarta, kamar wayar ce mara lafiya.

"Mama, me kike yi haka?"

Sista ta ɗaga yatsa ɗaya. Yatsan da ya shafe shekaru yana sa ɗakin masu ciwon ƙirji ya yi tsit, har da likitocin.

Sai da ta gama sauraro sannan ta zare abin daga kunne.

"Zauna."

"Mama, lokaci na..."

"Lokacin na ubanki ne? Zauna."

Lauya ta zauna a kujerar karatun Auta, a bakin-baki, kamar tana tsoron mai ita zai shigo.

"Sake min lissafin nan naku na musaya," in ji Sista. "Ina son in ji shi da safe, kaina bai gaji ba."

"Haba Mama, sau nawa?"

"Kina faɗa wa alƙali haka?"

Lauya ta sauke numfashi.

"A mazaɓar nan jam'iyyar Fitila ba za ta ci ba. Ko da duk layin nan da kajinsa suka dangwala mata. Tsakanin mutum biyu ake yi, mutumin Tsani da Darakta na Guga. Duk ƙuri'ar da kika ba Fitila, mutumin Tsani kika gyara wa kujera."

"Tsanin da suka yi harbin."

"Su."

"Daraktan asibitin da ya rufe ƙofar."

Lauya ta sunkuyar da kai.

"Shi."

"Ci gaba, ina jin ki."

"Shi ya sa muka kawo musaya. Ke ki dangwala wa Guga a nan. Can wata mazaɓa mai nisa, inda Fitila ke da ƙarfi, wata 'yar Guga ta dangwala wa Fitila a madadinki. Ƙuri'arki ta isa inda kike so, ba wanda ya yi asara."

"Wato ni in haɗiyi magani mai ɗaci a nan, wata ta warke a can."

"Mama, matar kirki ce aka haɗa ki da ita. Ai kin ji muryarta."

"Na ji. Har abin da ke bayan muryarta na ji."

Ta danna wayar.

Muryar mace ta fito, mai sanyi, ba yarinya ba kuma ba tsohuwa ba.

"Sista, barka da gida. Ni ce abokiyar musayarki. Na yi miki alkawari, ranar zaɓe Fitila zan ba, ke ma don Allah ki cika naki..."

Can bayan muryar, kamar daga wani ɗaki, wani ya yi tari.

Sau biyu. Ɗan shiru. Sai wani siririn fito daga ƙirji, kamar iska ta sami tsaga a jikin taga.

Lauya ta kau da kai.

"Kin san ranar da na fara jin wannan?" in ji Sista. "A kicin nake. Kwano ya suɓuce min. Na zauna a ƙasa cikin ruwan wanke-wanke, ni da ko a gaban gawa ƙafata ba ta taɓa rawa ba. Yaron nan tun yana cikin zanin goyo nake kwana da kunnena a ƙirjinsa. Ki tara min masu tari cike da kasuwa, ki rufe min ido, zan tsamo miki shi."

"Mama, mutane da yawa suna da asma."

"Haka kika ce min ranar. Na ce wane gari matar nan take? Kika ce doka ta hana. Na ce ba ni lambarta. Kika ce duk saƙo ta hannunki yake bi, sai bayan zaɓe, in kowa ya cika alkawari, sannan a haɗa mu. Haka ne ko ba haka ba?"

"Ƙa'idar ce haka."

"Ƙa'ida." Sista ta jinjina kai. "Tun daga ranar ban ƙara sa sakata a ƙofar gida ba. Na ce ba a ba ni gawa ba, ba a nuna min kabari ba, wa ya sani? Na ce in dangwala wa Darakta ne kuɗin motar zuwa wurin ɗana, to wallahi ko Iblis suka tsayar zan dangwala masa."

Ta miƙa mata abin sauraren ƙirjin.

"Saka."

"Mama..."

"Saka na ce. Kunnen ba zai cije ki ba."

Lauya ta saka. Sista ta ɗora bakin abin a kan wayar ta sake danna saƙon.

"Bayan tarin me kika ji?"

"Ban ji komai ba."

"Ƙarya a ɗakin mamaci? Sake ji."

Ta sake dannawa.

"Cokali," in ji Sista. "Cokali ya bugi kofi. Ɗan ƙaramin ƙyal, kunne tsirara ba ya kama shi. To ga saƙo na biyu, wanda kika turo min bayan wancan."

Ta danna. Muryar matar tana tunatar da alkawari. Tari sau biyu. Shiru. Fito.

Ƙyal.

Lauya ta zare abin daga kunnenta ta ajiye a cinya.

"Na yi aiki da ƙirjin mutane har gashina ya yi fari," in ji Sista. "Ban taɓa jin mai rai ya yi tari iri ɗaya sak har sau biyu ba. Yau da majina, gobe a bushe, jibi ya gaji. Wannan tarin kuwa ba ya gajiya. Kuma duk inda ya je da cokalinsa yake tafiya."

"Mama, ki bari in yi miki bayani."

"Ni zan yi miki. Ranar da kika gama karatun lauya, aka taru a falon can. Auta ne ya riƙe waya yana ɗaukar hoto mai motsi. Turaren baƙi ya shaƙe shi ya yi tari. A daidai lokacin babanku, Allah ya jiƙansa, ya bugi kofi da cokali, wai a yi shiru zai yi jawabi. Jawabin da har shayi ya huce bai gama ba."

Ta yi ɗan murmushi, murmushin ya mutu a hanya.

"Matattuna biyu kika yanko a cikin abu ɗaya. Kika liƙa su a bayan muryar baƙuwa kika turo min."

Lauya ta zame daga kujera ta durƙusa.

"Ni ce."

"Ai ban ce wata ba ce."

"Ni ce, Mama, da hannuna. Ba wanda ya sa ni, ko Darakta bai sani ba."

"Tashi. Ba na son durƙuso, gwiwa ba ta wanke komai."

Ba ta tashi ba.

"Ki leƙa ƙofa ki ga mata. Kowacce da gidanta a bayanta, da miji, da 'ya'ya, da surukai. Wancan zaɓen kika ce Fitila, duk suka ce Fitila. Fitila ta zo ta uku, Tsani ta haye da 'yan ƙuri'un da ba su cika jakar nan tawa ba. Yanzu sun faɗa da bakinsu, in suka dawo za su yi dokar yafiya, a rufe maganar ƙofar asibiti har abada. Shari'ar Auta tana hannuna, Mama. Ni nake hawa matakalar kotun nan ana ɗage min zama, ana min dariya a bayan ido. In suka ci yau, gobe Auta ya zama wanda ba a taɓa haifa ba."

"Sai kika tashe shi daga kabarin da ba shi da shi, kika sa shi kamfe."

"Na roƙe ki ta kowace hanya! Na kawo miki lissafi kika ce ba ki cin lissafi. Na kawo miki kawu kika kore shi da tsintsiya."

"Shara nake, ya tsaya a hanya."

"Mama, ni ma ƙanena ne!"

Muryarta ta fashe.

"Ke kina aikin kwana, wa yake goya shi? Wa yake tafasa ruwa ya riƙe masa kai a kan tururi? Kin ɗauka da daɗi na zauna ina yanka tarinsa, ina maimaitawa, ina maimaitawa? Sai da na yi amai. Amma na ce gara ki tsane ni da a rufe shari'arsa."

Sista ta dube ta. Sannan ta shafa zanin gadon da tafin hannu.

"Kin ga wannan? Jiya na wanke shi. Na goge. Na sayo sabon abin shaƙa, yana cikin aljihun tebur, don na ce wancan na taga ya lalace. Mai kantin magani ya ce, Sista, wa ke asma a gidanki? Na ce baƙo nake jira."

Lauya ta rufe fuska.

"Ranar da aka kashe shi sau ɗaya aka kashe min shi. Ke kika ƙara na biyu, da asubar nan, lokacin da na ji cokalin."

Sai ga sallama daga tsakar gida, da takun ƙafa mai jan silifa.

Uwar Biyu ce, maƙwabciyar Sista. Har yau haka ake kiranta, ko da yake tun ranar ƙofar asibiti ɗaya ne ya rage mata. Ba wanda ya iya canza sunan, ita ma ba ta nema ba.

Ta tsaya a bakin ɗakin, ba ta shigo ba. Ba mai shiga ɗakin nan sai an ce masa.

"Yaya, rana fa ta fara cin ƙeya. Mata sun ce in tambaya, tsayuwar ta zaɓe ce ko ta hukunci?" Ta hango Lauya a ƙasa. "A'a. Lauya, yau ke ce a gaban alƙali? Me kika sata?"

"Ƙanenta," in ji Sista.

Uwar Biyu ta dubi wannan ta dubi waccan, ta ga ba wurin wasa ba ne. Ta gyara tsayuwa.

"To ni dai, Yaya, gaskiyata zan faɗa. Daren jiya ban runtsa ba. In na rufe ido sai in ga hannun yaron nan nawa a jikin ƙarfen ƙofar. In na ce Guga, sai in ga kamar ni na murɗa makullin. In na ce Fitila, ɗayan da ya rage min ya ce, Inna, kin sake ba Tsani kyauta. In na ce ba ni zuwa gaba ɗaya, sai zuciyata ta ce to wa kika bar wa? Ni kam na gaji. Ki faɗa mana kawai, mu bi."

"Kun mai da ni akwatin zaɓe."

"Ke kika yi karatu."

"Ga wadda ta fi ni karatu nan a ƙasa, kin ga inda ya kai ta."

Sista ta miƙe. Gwiwoyinta suka yi ƙara. Ta je taga ta ɗauki tsohon abin shaƙar ta juya shi a hannu.

"Kowa ya zo sai ya ce min, Sista, ki zaɓi ƙaramin sharri. Masu faɗar haka ba su yi aikin asibiti ba. Babban ciwo da gudu ake kawo shi, a taru a kansa. Ƙaramin ne ake cewa bari mu gani, har ya cinye huhu. Don haka kada wanda ya ƙara ce min Darakta ƙarami ne. Ina cikin asibitin nan ranar. Ina jin ana dukan ƙofa. Na riƙe rigarsa na ce a buɗe, ya ce min umarni ne daga sama. Ban san nawa yana cikin masu dukan ba."

Sista ta mai da abin shaƙar kan taga.

"Amma na yi wani tunani da asubar nan, bayan na gama da cokali. Mutumin Tsani, in ya gan ni a titi, tsohuwa kawai ya gani. Ko tsine masa na yi, gilashin motarsa ba ya shigar da magana. Darakta kuwa ni na koya masa neman jijiya, lokacin yana sabon likita hannunsa na karkarwa. Har yau in ya hango ni sai ya tsallaka titi."

"Wallahi na gani," in ji Uwar Biyu. "Rannan har ya kusa faɗawa kwata."

"To mai tsallaka titi akwai abin da ke cinsa. Zan ɗora shi a kujerar da ba ta da wani titin tsallakawa. Kullum ya fito ofis ya tarar da ni a kan benci, da ke, da sauran. Ba za mu ce masa komai ba. Mu dai zauna."

Lauya ta ɗago kai.

"Mama... Guga za ki ba?"

"Kada ki yi min murna a ɗakin nan."

Sista ta juya ga Uwar Biyu.

"Je ki ce ina fitowa. Zan faɗa musu inda yatsana zai sauka da dalilina. Wadda hannunta ya ƙi, kada ta tilasta shi, ba zan ƙi gaishe ta ba. Kowacce ita ta san abin da take gani in ta rufe ido."

Uwar Biyu ta ja silifanta ta fita.

Sista ta ɗauki katinta daga kan tebur ta sa a jaka. Ba ta dubi 'yarta ba.

"Ke kuma kin sami ƙuri'arki. Da kin bar ni da kaina ma nan zan iso, sai dai in iso a makare, yadda na saba. Uwa ce ba ki da ita yanzu, sai ranar da na neme ki."

"Na ji, Mama."

"Ki bar min makullin gidana a kan tebur."

Lauya ta ciro shi daga jaka. Hular Guga ta biyo shi ta faɗo ƙasa. Ba wadda ta ɗauka.

Har Sista ta kai bakin ƙofa, sai ta tsaya.

"Abu ɗaya ya rage, don ba na son in mutu da tambaya. Na yau a ina kika samo shi?"

"Na yau me?"

"Saƙon yau. Na uku."

"Biyu na turo miki."

"Lauya, na gaji da ƙarya."

"Wallahi biyu ne, Mama. Na rantse da kabarin Baba. Matar ma ban ji daga gare ta ba tun saƙo na biyun."

"To wannan fa? A nan kin fi ƙwarewa, har na ce yarinyar nan asara aka yi da ba ta shiga harkar fim ba. Kin cire cokalin. Kin sa tarin ya tsufa."

Ta danna.

Muryar matar ce, ita dai. Amma yau ƙasa-ƙasa take magana, da sauri, kamar mai waige.

"Sista, don girman Allah ki kira ni kafin ki fita. Kafin ki fita, Sista."

Can bayanta wani ya yi tari.

Sau biyu. Shiru. Shirun ya fi na da tsawo. Sai fiton ya biyo, ya yi kauri, ya yi ƙasa, kamar ƙirjin da ya sha sanyin shekaru ba magani.

Babu ƙyal.

Lauya ta fizgi wayar. Ta duba, ta sake dubawa.

"Mama, wannan ba ta wurina ya biyo ba."

"Ni ba na duba lamba, murya nake ji."

"Kai tsaye ya zo miki. Daga wayarta." Ta ɗago ido. "Ban ba ta lambarki ba. Ba mu ba kowa lambar kowa. Ko sunanki na gaskiya ba ta da shi."

"To wa ya haɗa ni da ita?"

Lauya ta mai da idonta kan wayar.

"Ina tambayarki."

"Ita ta nema. Sauran duk mu muke haɗa su yadda ya faɗo. Ita kaɗai ta ce a haɗa ta da tsohuwar nas ɗin nan ta layin bayan asibiti. Na ɗauka labarinki ta ji a rediyo. Ban kawo komai ba, Mama, wallahi ban kawo komai ba."

Sista ta dawo ta zauna a bakin gadon. A hankali, kamar mai tsoron tashin wanda ke barci a kai.

"Lambar nan," ta ce, "kin yi ta min faɗa in canza ta, kamfanin ba shi da kyau, ba a ji sosai. Na ƙi."

"Na sani."

"Ba ki san dalili ba. Shi ba ya ajiye ta a waya. Haddace ta ya yi tun yana makaranta, na sa shi dole, saboda in ciwon ya kama shi a hanya ya faɗa wa duk wanda ke kusa."

Daga waje muryar Uwar Biyu ta taso.

"Yaya! Layi fa ya kai bakin titi!"

Sista ta miƙa hannu. Lauya ta sa mata wayar.

"Mama, tsaya. Ƙila tarko ne. Ƙila 'yan Tsani ne suka ji kina shirin juyawa. Abin da na iya yi, wani ma zai iya."

"Zai iya. Shi ya sa zan ji da kunnena."

Ta mai da abin sauraren ƙirjin kunnuwanta. Ta danna kira, ta buɗe murya, ta ɗora bakinsa a gefen wayar.

Wayar ta yi ƙara ɗaya aka ɗauka.

"Sista?" Matar ce, tana haki. "Kin fita? Kin riga kin dangwala?"

"Ina gida. Wace ce ke?"

"Alhamdu lillahi. Sista, ki yafe min, ni ba 'yar Guga ba ce, ba 'yar kowa ba ce. Hanyar da zan same ki nake nema ba tare da an gane ba. Shi ya hana ni kiran lambar nan, ya ce ana sauraronta. Amma jiya da ya ji an ce Iyayen Ƙofa za su bi Darakta, bai kwanta ba."

"Shi wa?"

"Ya ce in faɗa miki, kada ki sa yatsanki tukuna. Ya ce kowa ƙofar gaba yake magana. Ki tambayi Darakta ƙofar baya. Ki tambaye shi waɗanda aka shigo da su da rai ta can, a motar wa ya zuba su."

Jakar Lauya ta zame daga kafaɗarta.

Sista ba ta motsa ba. Idonta a rufe, yatsunta sun danne bakin abin a jikin wayar har farcenta ya yi fari.

"Baiwar Allah," ta ce, muryarta a daidai kamar tana tambayar mara lafiya inda ke masa ciwo. "Kai wayar nan ƙirjinsa. Kada ya yi magana. Ya ja numfashi kawai."

Aka ji motsi. Ƙarar gado. Shafar tufa a jikin waya.

Numfashi ya shiga.

Ya tsaya.

Ya fito da siririn fito a ƙarshensa.

"Kuma," in ji Sista.

Ya sake shiga. Tari ya tare shi, sau biyu.

"Mama, shi ne?" Lauya ta kama gefen rigarta. "Mama, don Allah, shi ne?"

A waje mata sun fara kiran sunanta, su duka, baki ɗaya.

Sista ta ƙara danne bakin abin a jikin wayar.

Duk duniya Sista ake ce mata. 'Ya'yanta Mama suke cewa. Mutum ɗaya ne tak, tun yana ƙarami yana ɓuya a ƙarƙashin gadon nan in ya ga ta buɗe jakar aiki, ya laƙaba mata wani suna, ya ƙi sakinsa har ya yi gemu. Sunan ba ya cikin hoto mai motsi ko ɗaya. Ba a taɓa faɗarsa a rediyo ba.

Daga cikin wayar, wata murya da ta dushe, wadda ba ta da sauran ƙuruciya a cikinta, ta ce:

"Mai Allura... ajiye katin nan."